Kwaɗo Uku a Ƙofar Sito

Litinin, 9 ga Satumba 1991, bayan la'asar

Yau an sa wa sitonmu kwaɗo.

Na dawo daga duba wata mai jego na tarar da farar mota a gindin dogon-yaro, wasu masu manyan riguna suna ta leƙe-leƙe a asibitin kamar masu neman gidan haya. Babbansu ya ce sunansa Malam Kashim, sakataren kwamitin rabon kaya. Mutum ne mai ladabi, irin ladabin da ke sa ka ji kamar ka kwaɗa masa mari.

"Sista Kaltum," in ji shi, "tunda an raba jiha biyu, duk abin da tsohuwar jiha ta mallaka sai an raba shi tsakanin Borno da Yobe. Kafin ranar rabo ba mai taɓa ko allura."

Na ce masa ruwan ƙari ne a ciki, kwalaye har rufi, da robobinsa da alluransa. Gwamnatin tarayya ce ta saya, jiha ta kawo mana ajiya nan Dusuman tun farkon damina, saboda abin da kowa ya san damina tana zuwa da shi. Ya ce ai ya sani, shi ya sa ma ya fi kamata a kulle. Na tambaye shi yaushe ne ranar rabon. Ya ce nan ba da jimawa ba. Ya danna kwaɗon, ya jefa makulli a aljihu, har da yi mini fatan alheri.

Thomas, mai ba da maganinmu, yana tsaye a bayana yana ta taka mini ƙafa don kada in ƙara magana. Na ƙara. Ba ta yi amfani ba, amma na ƙara.

Laraba, 11 ga Satumba, da azahar

Kwaɗo ya zama uku. Wallahi da wani ne ya ba ni labari da na ce sharri ne.

Jiya mai kula da kayan jiha ya zo ya ce kaya nasu ne har ranar da za a raba, ba zai bar makulli a hannun kwamiti kaɗai ba. Ya sa nasa. Yau da safe mutumin ƙaramar hukuma ya zo ya ce tun da aka miƙa musu ƙananan asibitoci ginin nan nasu ne, in wani abu ya ɓace su za a tuhuma. Shi ma ya sa nasa. Ƙofar ba ta da wurin rataya kwaɗo uku, sai aka kira Ba Gana kafinta ya ƙara mata kunnuwa biyu. Shi ya kafa ƙofar tun farko. Ya yi aikinsa tsaf, yana yi yana dariya.

Matarsa Ya Falmata ita ke toya ƙosai a bakin asibiti, tun kafin a turo ni nan. Ta ɗaga murya daga inda take zaune: "Ba Gana, ka ƙara na huɗu, ni ma in sa nawa! Ai ni ma ina da haƙƙi, hayaƙina ne ya baƙanta bangon." Har mutumin ƙaramar hukuma sai da ya yi dariya. Ta naɗe mini ƙosai a takarda ta ce in ci in rage ɗaure fuska, fuskata tana korar mata ciniki.

Juma'a, 13 ga Satumba, bayan magariba

Ashe ba kaya kaɗai ake rabawa ba.

Thomas ya je gari ya dawo yana kame-kame. Da ƙyar ya faɗa: an kafe sunayen ma'aikata, ni ina cikin na sabuwar jiha, in bayyana a Damaturu kafin tsakiyar watan gobe. Dalili? Mahaifina ɗan Geidam ne.

A unguwar Hausari, nan cikin gari, aka yanke mini cibiya. A Hausari na yi makarantar allo, a Hausari aka ɗaura mini aure, a nan na haifi Zainaba da ƙannenta. Babana ya bar Geidam yana saurayi da shanun wani, bai sake komawa ba, kabarinsa yana nan garin. Ni ko a mafarki ban san hanyar Geidam ba. Amma wani ya zauna a ƙarƙashin fanka ya duba inda aka haifi mamaci, ya ce can ce jihata.

Thomas shi ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, ba mai taɓa shi. Ni ta jiha ce aka ba su aro. Yanzu ban san ta wa nake ba.

Baban Zainaba ya ce a bi a hankali, yana da wanda ya sani. Kullum yana da wanda ya sani. Na ce masa ba inda za ni.

Lahadi, 15 ga Satumba, da yamma

An kawo mutum biyu daga gonakin shinkafa a amalanke. Na ga kalar abin da ke fita daga jikinsu. Ba sai an gaya mini ba.

Litinin, 16 ga Satumba, bayan azahar

Ɗakin ya cika. Mun sa an kafa rumfar zana a bayan asibiti, mun shimfiɗa tabarmi da leda. Amai da gudawa, amai da gudawa. Mutum ya shigo da ƙafarsa da safe, kafin azahar idonsa ya faɗa, in ka ja fatar hannunsa sai ta tsaya a tsaye.

Ɗan ruwan da ke kabad ɗin ɗaki ya kusa ƙarewa. Muna dama gishiri da sukari a manyan bokitai, mata suna ba nasu da cokali. Wanda cikinsa ke riƙewa yana tashi. Wanda ba ya riƙewa sai ta jijiya, kuma na jijiya yana bayan ƙofar da nake wucewa sau ba adadi a rana.

An aiko mana daga sama wai kada mu kira cutar da sunanta, mu ce gudawa mai tsanani, don kada a tayar da hankalin jama'a. To, jama'a suna haƙa kabari safe da yamma, amma hankalinsu a kwance yake tunda ba a faɗi suna ba. A nan zan rubuta: kwalara ce. Kwalara. In suna so su zo su sa wa bakina kwaɗo na huɗu.

Ya Falmata ta daina toya ƙosai na sayarwa, ta koma dama wa masu jinya kunu. Na ce ta riƙa wanke hannu da ruwan da muka sa wa magani. Ta yi mini sannu da yarensu, ta ce, "Wushe, Sista, na ji," ta ci gaba da abinta.

Laraba, 18 ga Satumba, bayan isha'i

Na bar Thomas da rumfa na shiga gari neman makullai. Ƙafata har yanzu zugi take yi.

Na fara da sakatariyar ƙaramar hukuma. Mutumin ya tarbe ni da fara'a, ya ce makullinsa ga shi a aljihu, a shirye yake, amma ba zai zama na farkon buɗewa ba. Gini nasu ne, kaya ba nasu ba ne. In je wurin jiha.

A wurin jiha rabin ofisoshin babu kowa, an kwashe tebura an jera a baranda ana jiran mota. Na sami mai kayan yana cin gyaɗa. Ya ce shi bai ƙi ba, amma in ya buɗe yau, gobe mutanen Damaturu za su ce Borno ta cinye musu kaso. In kawo izinin kwamiti. Ya kuma ƙara da cewa, "Ke ma ai ta can ce yanzu, Sista. Kayanku muke tsare muku." Na ce masa Allah ya saka da alheri, na faɗa da irin muryar da ya gane.

Malam Kashim ya tafi Damaturu auna ofisoshi. Yaron ofishinsa ya ce sai wani mako.

Daga nan na ce bari in je wurin masu kayan na asali. Akwai wani ɗan ofishi na tarayya a bayan gari, na sami wata mata mai gilashi, ta saurare ni har ƙarshe, ita kaɗai ce yau ta ba ni kujera. Ta ce, "'Yar'uwa, mu namu saye ne da tsara manufa. Da kaya sun sauka daga mota sun zama na jiha. Ƙananan asibitoci kuma na ƙananan hukumomi ne. Mu manyan asibitoci ne namu." Na ce to mutumin da ke kwance a tabarma yana zubar da ransa, shi na wa ne? Ta cire gilashin ta goge, ta ce za ta rubuta rahoto.

Na bi ta Kasuwar Kwastam ko zan samu a kemis. An wawashe. Babban asibiti kuma an ce har baranda mutane ne, su ma iya ƙoƙarinsu suke yi.

Na dawo na tsaya a gaban ƙofar nan. Ina jin warin kwalaye ta ƙasan ƙofa.

Alhamis, 19 ga Satumba, da la'asar

Ya Falmata ce. Ba Gana ya ɗauko ta a baya da hantsi, zaninta a jiƙe. Tun daren jiya abin ya kama ta, ta hana a kawo ta wai kada ta ƙara mana aiki.

Na ba ta gadona na ɗakin awo. Cokali ɗaya in ya shiga, biyu ke fitowa. Ledar ruwan ƙari ta ƙarshe na sa wa wani yaro shekaranjiya. Na aika a nemo mota a kai ta gari, motar ta kafe a laka wajen gonaki.

Ta kama hannuna, muryarta kamar ta wani, ta ce, "Sista, ɗaure fuskar nan dai." Na yi mata murmushi. Ban san yadda ya fito ba.

Ba Gana yana zaune a ƙasa a baranda, ya ba wa ƙofar sito baya. Ko kallona bai yi ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Thomas ya ɗauko taɓarya, ya dubi kwaɗon ƙofar, ya tsaya yana kallona. Na kalle shi. Na tuna Zainaba da ƙannenta, na tuna zamanin soja ne. Na ce ya bari mu ga motar tukuna.

Juma'a, 20 ga Satumba, da hantsi

Murhun bakin asibiti a kashe yake. Kaskon yana nan a kife.

Asabar, 21 ga Satumba, da asuba

Na je gida canza kaya. Baban Zainaba ya ce na rame, ya ce in bar musu asibitinsu tunda sun ce ba tasu ba ce ni. Ya ce wanda ya sani ya yi alkawarin za a cire sunana daga na Damaturu, in dai na zauna lafiya ban jawo magana ba.

Na ce masa na zauna lafiya ranar Alhamis. Na gwada zaman lafiya, na ga abin da yake haifarwa. Ba laifinsa ba ne, amma shi ne a gabana.

Haushi nake ji. Ba baƙin ciki ba, wannan zai zo daga baya in na sami lokaci. Haushi ne zalla.

Litinin, 23 ga Satumba, bayan azahar

Jiya aka yi sadakar ukun Ya Falmata. Yau da hantsi Ba Gana ya shigo, bayansa maza biyu ɗauke da 'yarsa Yagana a tabarma, jaririnta a hannun wata maƙwabciya. Ita ta yi jinyar uwarta, ita ta wanke kayan. Idon ya riga ya faɗa. Na nemi bugun jini a wuyan hannunta, da ƙyar na ji shi.

Suka ajiye ta. A kafaɗar Ba Gana akwai jakar aikinsa.

"Sista," ya ce, "ƙofar nan ni na kafa ta. Na ga ta fara sauka ta gefe ɗaya. Damina ce, katako yana kumbura. In ba a gyara hinjinta ba, ƙarfen da take juyawa a kai, za ta lalace."

Na ce, "Ba Gana, kwaɗon gwamnati ne a jiki."

"Ni ba ruwana da kwaɗo. Kwaɗo yana dama, hinji yana hagu. Aikina na hagu ne."

Na dubi Thomas. Ya ce gaskiya shi ma ya lura ƙofar tana sauka. Na ce to ni ce mai kula da asibitin nan, kuma ba zan zuba ido dukiyar gwamnati ta lalace ba. Na ce a gyara. Na faɗa da ƙarfi, don duk wanda ke baranda ya ji daga bakin wa ta fito.

Rana tsaka ce, asibiti cike da mutane. Mata suka juya suna kallon rumfa. Wani dattijo ya ga lokaci ya yi da zai bayyana wa jama'a yadda farashin gero ya tashi, kowa ya ba shi hankali. Gyaran bai ɗauki lokacin dafa shayi ba.

Ba zan rubuta abin da ya biyo baya ba. Zan dai rubuta cewa jijiyar Yagana ta ba ni wuya, sai a ƙafa na samu, kuma na sa wa hannu biyu daga baya. Zan rubuta cewa kafin la'asar igiyar shanya da muka ɗaura a rumfa ta yi nauyi, kowane mai jinya yana zaune yana kallon abin da ke ɗiga.

Da ya gama ya mayar da ƙofar yadda take, ya share garin katako da tafin hannunsa. Kwaɗo uku suna nan, kowanne a kulle.

Talata, 24 ga Satumba, da magariba

Ƙofar ta sake sauka. An sake gyarawa. Ban taɓa kwaɗonsu ba.

Alhamis, 26 ga Satumba, da hantsi

Yagana ta yi fitsari jiya. Wanda bai yi wannan aikin ba ba zai san abin da ya sa na fita bayan rumfa na yi kuka a kan fitsari ba. Yau ta ce a miƙo mata ɗanta, ta kuma ce kunun ba sukari. Bakin uwarta ne sak.

Thomas ya kasa cin abinci. Ya ce, "Sista, ranar da za su zo fa? Kwalayen nan kullum sauƙi suke ƙarawa." Shi ya kawo shawarar mu riƙa mayar da kowane kwali wurinsa, mu liƙe bakinsa, mu jera yadda muka same su. Na ce ba don ɓoyewa ba, don kwali ma dukiyar gwamnati ne. Ya ce in daina wasa, yana da 'ya'ya. Na ce ni ma ina da su. Na ce masa in ranar ta zo ya tsaya a bayana kamar yadda ya saba, ya taka mini ƙafa in yana so, amma kada ya buɗe baki.

Labari ya kai ƙauyuka. Ana kawo mutane daga nesa, ba wanda ya tambayi daga ina ruwa ya fito. Wata tsohuwa ta ce Allah ya yi wa gwamnati albarka. Na ce amin.

Asabar, 28 ga Satumba, da azahar

Mun rasa biyu, an kawo su a makare. Sauran suna tashi. Ban taɓa kwaɗonsu ba.

Talata, 1 ga Oktoba, da yamma

Ranar 'yancin kai. Thomas ya kunna rediyo, ana ta jawabi a kan kawo gwamnati kusa da jama'a. Gaskiya ne, ta zo kusa. Har uku muke da su a ƙofa ɗaya.

Ba Gana yana zuwa kullum da safe, ya yi gyaransa, ya zauna kusa da murhun nan har azahar. Ba wanda ya ɗauke kaskon.

Asabar, 5 ga Oktoba, bayan la'asar

Abin ya lafa. Ruwan sama ya ɗauke, rumfa ta koma rabi. Yagana ta tafi gida da ƙafarta.

Sito kuma saura kwalayen layin gaba. An aiko cewa kwamiti zai zo ranar Talata.

Baban Zainaba ya ji, ban san a bakin wa ba. Bai yi faɗa ba. Ya ce wanda ya sani ya janye, ya ce maganar ta fi ƙarfinsa. Sannan ya ce, "Da kin gaya mini, da na zo na riƙe masa ƙofar." Shekarun nan duka ina zaune da mutumin nan, yau ya ba ni kunya.

Na wanke farar rigata na goge. In za a tafi da ni, a tafi da ni fes.

Talata, 8 ga Oktoba, bayan magariba

Sun zo da babbar mota. Malam Kashim, mai kayan jiha, mutumin ƙaramar hukuma, da wani saurayi wakilin Damaturu mai sabon biro. Kowa ya duba kwaɗonsa, ya jijjiga, ya shaida wa sauran cewa lafiya lau yake. Suka buɗe bi da bi, har da bisimilla.

Lebura ya ɗauki kwali na farko da na biyu, masu nauyi. Da ya kai layi na biyu ya yunƙura da ƙarfinsa, kwalin ya tashi sama kamar faifai, saura kaɗan ya faɗi da baya. Malam Kashim ya karɓa. Ya auna shi a hannu. Ya ɗauki wani. Ya shiga can ciki ya daɗe.

Da ya fito na matsa gaba. Thomas ya taka mini ƙafa. Na ce, "Malam Kashim, ni ce na—"

Ya ɗaga hannu. "Sista, ba a tambaye ki ba."

Ya dubi kwaɗon da ke hannunsa. Ya dubi mutanen nan biyu, kowanne da nasa kwaɗon a hannu, kowanne ya gama rantsuwa cewa makulli bai taɓa barin aljihunsa ba. Na ga lissafin yana tafiya a fuskokinsu. In kaya sun ɓace a bayan kwaɗo uku masu lafiya, to masu makulli uku ne za su yi bayani, kuma a gaban soja. In an ce ni ce, sai a faɗi abin da na yi da ruwan, sai a kira cutar da sunanta, sai a tambayi wanda ya kulle. Sannan wa zai hukunta ni? Borno ta ce ni ta Yobe ce, Yobe ba ta taɓa ganina ba, ƙaramar hukuma aro aka ba ta.

Idonsa ya sauka a kan hinji. Kan kusoshin ya yi fari tas saboda yawan murzawa. Ba Gana yana zaune kusa da murhu yana kallonsa, ko ƙiftawa ba ya yi. A bayansa mutanen gari ne tsaye, da yawansu da tabon allura a hannu.

Malam Kashim ya gyara hula ya ce, "Abin da aka ce mu raba kwalaye ne. Ga kwalaye sun cika. Wannan Borno, wannan Yobe."

Haka aka yi ta yi. Masu nauyin suna kusa da ƙofa, mai kayan jiha ya yi wuf ya sa aka tura su gefen Borno. Saurayin Damaturu yana bakin mota yana rubutu, bai taɓa kwali ko ɗaya da hannunsa ba. Aka loda masa kasonsa, aka ɗaure da igiya don kada iska ta kwashe. Duka huɗun suka sa hannu.

Da za su tafi Malam Kashim ya ce mini a hankali, "Ƙofar nan tana da kafinta mai kyau." Na ce Allah ya ji ƙan matarsa. Ya shiga mota.

Thomas ya zauna a ƙasa yana dariya har da hawaye. Ni ma na yi.

Laraba, 9 ga Oktoba, da asuba

Dariyar ba ta kwana ba.

Direban babbar motar ya ce a can ma cutar tana nan, ta bakin kogi, wajen Geidam. Can za a kai kwalayen. Wata irina za ta ga mota ta tsaya, ta ce alhamdu lillahi, ta yanke bakin kwali.

Ban yi nadama ba. In aka mayar da ni ranar Litinin ɗin nan zan sake cewa a gyara, abin da kawai zan canza shi ne in faɗa tun ranar Alhamis. Amma ruwan da ke yawo a jikin Yagana rabinsa na mutanen can ne, kuma su ba wanda ya tambaye su.

Alhamis, 10 ga Oktoba, da rana

Na gaya wa Baban Zainaba zan tafi. Ba don sun kafe sunana ba. In na isa Damaturu zan ce su tura ni inda motar nan ta nufa. Gara a buɗe kwalayen a gabana, in faɗa musu da bakina inda ruwan ya tafi, sannan mu san ofishin da za mu tasa a gaba. Na riga na san hanyar, ofisoshi uku ne.

Yara za su zauna a Hausari wurinsa. Zainaba ta ƙi yi mini magana.

Asabar, 12 ga Oktoba, da hantsi, a tasha

Thomas ya rako ni da akwati. Ya ce wa zai riƙa taka wa ƙafa yanzu. Yagana ta aiko da ƙosai a takarda, ta ɗaga kaskon jiya. Bai kai na uwarta ba, gishiri ya yi yawa, na cinye duka.

Mota ta kusa cika sai ga Ba Gana a kan keke, yana haki. Ya miƙo mini wani abu ta taga, naɗe a tsumma. Na buɗe. Sukundirebansa ne, mai mariƙin katako, wanda ya yi baƙi saboda hannu.

Na ce, "Ba Gana, da me za ka yi aiki?"

"Ina da wani," ya ce. "Sabuwar jiha ce, 'yata. Sababbin ƙofofi za su kafa, kuma ɗanyen katako yana saurin sauka. Ki riƙa duba hagu."

Na sa shi a jakar aiki, kusa da almakashi. Direba ya tayar da mota.